Haruffa Huɗu Da Halin Ɗan Briqueterie



Duk wanda ke zama a majalisun matasa na unguwar nan bayan isha'i, ko yake cikin zaurukan WhatsApp na 'yan makaranta, zai shaida cewa wata sabuwar tambaya ta shigo gari. A da idan aka haɗu da wanda ba a sani ba, akan tambaye shi ɗan gidan wane ne, kuma daga ina kakanninsa suka taso, Kano ko Yola ko Garwa ko Ngaundare. Yau kuwa sai ka ji yaro ya dubi ɗan uwansa ya ce, "Kai mene ne haruffanka?" Wannan ya ce INFJ, wancan ya ce ENTP, kamar masu karanta lambar mota. Wasu ma sun liƙa haruffan a gefen sunansu a Facebook, wurin da a da ake sa sunan mahaifi ko na gari.

Mu ma ba mu tsaya kallo daga nesa ba. Wani dare muna zaune a teburin mai shayi, hayaƙin masu tsire yana busowa daga bakin titi, sai muka ciro wayoyinmu mu shida, muka shiga shafin da ake kira 16Personalities, muka amsa tambayoyi wajen 60 da Faransanci. Kafin shayin ya huce kowa ya sami nasa. Wannan aka ce masa Kwamanda ne, wancan Mai Shiga Tsakani, wani kuma Lauya. Ba za mu ɓoye muku ba, mun ji daɗi. Kowannenmu ya karanta bayanin da aka yi a kansa yana gyaɗa kai, kamar wanda ya daɗe yana neman mai fahimtarsa sai ga shi ya same shi a cikin waya.

Abu biyu ne suka rage mana wannan murna. Na farko, ɗaya daga cikinmu ya koma gida ya fassara wa mahaifiyarsa sakamakonsa da Hausa. Ya ce, "Inna, wai ni mutum ne mai tsara al'amuransa tun da wuri, mai cika alkawari a kan lokaci." Tsohuwa ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "To ɗan nan, wannan na'urar dai ba ta taɓa aikenka kasuwa ba." Na biyu, bayan mako shida mun sake yin gwajin, sai biyu daga cikinmu suka tashi da haruffa daban. Wanda ya kwana Lauya ya wayi gari Mai Shiga Tsakani, alhali ko aski bai sake ba.

Tun daga ranar muke juya maganar. Ra'ayin da muka tsaya a kansa shi ne, wannan gwaji yana da ɗan amfaninsa kuma bai cancanci a tsine masa ba, amma haɗari ne babba ga al'umma irin tamu matasanta su riƙe shi a matsayin hukunci na ƙarshe a kan ko su wane ne su. Ga dalilanmu.

Daga ina haruffan suka fito?

A shekarar 1921 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya wallafa littafi a kan nau'o'in halayen mutane. Wata Ba'amurkiya mai suna Katharine Cook Briggs ta karanta shi ya shiga ranta, daga baya ita da 'yarta Isabel Briggs Myers suka mayar da ra'ayoyinsa tambayoyi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da nufin taimaka wa matan da suka shiga aikin masana'antu su sami aikin da ya dace da su. Babu ɗaya daga cikinsu da ta yi karatun ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a. A 1962 aka buga gwajin a hukumance, kuma shi ne ake kira Myers-Briggs. Shafin da muka shiga ba shi ne ainihin wancan gwaji ba, haruffansa ya ara ya ƙara na biyar a ƙarshe, amma ginin ɗaya ne a idon mai amsawa.

Tsarin mai sauƙi ne. Ana raba mutane gida biyu sau huɗu: mai son cuɗanya ko mai son kaɗaici, mai dogara da abin da ido ya gani ko mai bin hasashe, mai yanke hukunci da lissafi ko mai yankewa da tausayi, mai tsara komai tun da wuri ko mai barin al'amura su zo yadda suka zo. Biyu sau biyu har sau huɗu ya ba da 16. Ke nan duk bil'adama, daga Ekoudou har birnin Sin, an zuba su a akwati 16.

Matsalar tana nan a wurin rabon. Mafi yawan mutane ba sa can ƙarshen dama ko ƙarshen hagu, suna tsakiya ne. Wanda ya sami kashi 51 na son cuɗanya da wanda ya sami 49 kusan halinsu ɗaya, amma gwajin zai ba su haruffa mabambanta, ya kuma haɗa mai 51 da mai 95 a ɗaki guda. Shi ya sa ƙaramin canjin yanayi, kamar gajiya ko ɓacin rai, kan tsallakar da mutum daga wannan akwati zuwa wancan. A wasu nazarce-nazarce, kusan rabin waɗanda suka sake gwajin bayan mako biyar sun fito da nau'i daban. Jung da kansa ya faɗa cewa babu mutumin da yake tsantsar mai cuɗanya ko tsantsar mai kaɗaici.

Mu 'yan unguwar teloli ya kamata mu fi kowa gane wannan. Telan kirki yakan ɗauki awon kafaɗa da hannu da tsawo, ya rubuta a littafinsa, ya kuma sake awo idan shekara ta juyo, domin ya san jiki yana sauyawa. Gwajin nan kuwa ya fi kama da tulin gwanjo na kasuwar Mokolo: an riga an ɗinka rigunan, kai ne za ka nemi wadda ta fi kusa da jikinka. Tana iya yi maka kyau, amma ba a kanka aka yanka ta ba.

Me ya sa muka ji kamar an leƙa zuciyarmu?

A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, sannan ya ba kowane ɗalibi takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya nemi su auna dacewar bayanin da su daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai 4.26. Sai daga baya ya bayyana musu cewa takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma jimlolin daga wani littafin duban taurari ya tsinto su. Jimloli ne da suka hau kan kowa: kana son mutane su so ka, kana yawan zargin kanka, kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba, wani lokaci kana son jama'a wani lokaci kana son keɓewa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mai duba da ke zana ƙasa, da mai hisabin da ke lissafa sunanka da na mahaifiyarka ya ce maka tauraronka na wuta ne ko na ruwa, da ita suke cin abinci. Yakan ce kana da kirki amma mutane ba sa gode maka, kuma akwai masu yi maka hassada a kusa da kai. Wane ne zai ce ƙarya ne? Ku lura kuma, a cikin sunaye 16 na shafin nan babu Marowaci, babu Matsoraci, babu Magulmaci. Kowa gwani ne ta wata fuska. Madubin da ba ya nuna tabo kowa zai so ya duba shi.

Tambayoyin da ba mu aka yi wa su ba

Akwai wata matsala da ta fi shafarmu mu musamman. Gwajin yakan tambaye ka ko kana saurin gabatar da kanka ga baƙi, ko kana jin daɗin taron jama'a, ko kana faɗin ra'ayinka kai tsaye idan ba ka yarda da magana ba. Mai rubuta tambayar yana ɗauka cewa amsa ɗaya ce gare ka ko'ina. Amma ɗan Bahaushe zai tambaya: a gaban wa? Ga matashi mai shagon yadi da ke wuni yana kiran masu wucewa da Faransanci, yana ciniki da Fulatanci, yana zolayar matan Ewondo da 'yan kalmomin da ya tsinta na harshensu. Shi ne kuma idan ya shiga zauren mahaifinsa zai durƙusa, ya sunkuyar da kai, ba zai ɗaga murya ba. Ga amarya da ƙawayenta suka san ta da surutu, amma a gaban surukarta ko abinci ba ta iya ci. Ga uwa da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna masa so a bainar jama'a. Wanne daga cikin fuskokin nan gwajin zai rubuta? Abin da muke kira kunya da kara da kawaici, na'urar za ta karanta shi a matsayin tsoron mutane ko sanyin zuciya, alhali tarbiyya ce da aka sha wahala kafin a koya.

Haka kuma tambayar son kaɗaici. Wanda ya tashi a gidan haya mai ɗakuna jere, su biyar a ɗaki ɗaya, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya, bai taɓa samun kaɗaicin da zai gane ko yana sonsa ba. Sannan ga harshe. Mun amsa tambayoyin da Faransanci, harshen makaranta da ofis, harshen da muke sa wa riga da wando. Masu bincike sun nuna cewa mutanen da ke jin harshe biyu sukan ba da amsoshi da ɗan bambanci gwargwadon harshen da aka tambaye su da shi. Ɗan Briqueterie da ke juya harshe uku ko huɗu kafin azahar, wanne ne daga cikinsu ya zauna jarrabawar?

Ko gwajin da masana suka fi amincewa da shi bai kuɓuta daga wannan ba. Shi yana auna halaye manya guda biyar ne a kan ma'auni, ba ya zuba mutum a akwati: son sabon abu, kula da aiki, son cuɗanya, daɗin zama da mutane, da saurin damuwa. Amma asalinsa daga ƙamus ne. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka tsamo kalmomi kusan 18,000 masu bayyana hali daga ƙamus na Ingilishi, masu zuwa bayansu suka yi ta tace su har suka koma biyar. Da Michael Gurven da abokan aikinsa suka kai gwajin ga al'ummar Tsimane ta ƙasar Bolibiya, sakamakon da suka wallafa a 2013 bai fitar da biyar ɗin ba. Abin da ya fito fili abu biyu ne, kyautata wa jama'a da ƙwazon aiki. A 2010 kuma Joseph Henrich da abokansa sun jawo hankali cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake nazari a kansu a manyan mujallun wannan fanni daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya.

Sai mu tambayi kanmu: da a ce daga ƙamus ɗin Bargery na 1934 aka tsamo kalmomin, ko daga bakin tsofaffinmu, waɗanne halaye ne za su fito? Da wuya a rasa kunya da kara da dattaku da yakana da sanin ya kamata. Maƙwabtanmu Fulani su ma da nasu pulaaku, mai kunya da haƙuri da hankali a cikinsa.

Ma'aunin da muka gada

Anthony Kirk-Greene, Baturen Ingila da ya yi aikin mulki a lardin Adamawa, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiyana a 1973 a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, aka buga ta a 1974. Ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ba shi ya ƙirƙiro su ba, daga bakin Hausawa ya ji su. Abin lura a nan shi ne, kusan babu ɗaya daga cikin goman da mutum zai iya shaidar kansa da ita yana kwance shi kaɗai da waya a hannu. Amana sai an ba ka ajiya ka mayar. Karamci sai baƙo ya sauka. Haƙuri sai an taka ka. Adalci sai rabo ya zo hannunka kuma kana da rabo a ciki. A wurin iyayenmu hali abu ne da ake gani a tsakanin mutane, kuma mutanen ne shaidunsa. Shi ya sa kafin a ba da aure akan tura a yi bincike a unguwa da wajen sana'a, ba a kiran saurayi a ce ya bayyana kansa.

Gwajin waya kuwa shaida ɗaya gare shi, kai kanka, kuma kai ne mai ƙara, kai ne alƙali. Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Binciken zamani ya gaskata rabin wannan magana. Masaniya Simine Vazire ta nuna a 2010 cewa mutum ya fi kowa sanin abin da ke ɓoye a cikinsa, kamar fargaba da damuwa, amma abokansa sun fi shi daidai wajen auna abubuwan da ake yabo ko zargi a kansu, kamar kaifin basira. Ke nan tsohuwar da ta ce na'ura ba ta taɓa aiken ɗanta kasuwa ba, tana riƙe da rabin shaidar da gwajin bai nema ba.

Mu yi wa gwajin adalci

Ba za mu zama masu adalci ba idan muka tsaya nan. Akwai dalilin da ya sa yaranmu suka rungumi haruffan, kuma wani ɓangare na dalilin laifinmu ne.

Mu ma muna da namu akwatunan, kuma ba su da tausayi kamar na waya. Ɗan fari wawa ne, auta shagwaɓaɓɓe ne, goyon kaka ya lalace. Yaron da ba ya son hayaniya mukan ce miskili ne ko mai girman kai. Yarinya mai yawan tambaya mukan ce ba ta da kunya. Wanda hannunsa bai faɗa a ciniki ba mukan ce ba shi da zuciya. Wani ƙanenmu da ya shekara ashirin ana kiransa miskili ya gaya mana cewa ranar da ya karanta sakamakonsa ce ranar farko da ya ji an bayyana shirunsa ba tare da zagi ba. Ya ce, "Yaya, ashe ba ciwo ba ne, akwai irina da yawa a duniya." Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan shafin intanet ya riga mu gaya wa yaronmu cewa shi ma mutum ne daidai, to mu ne ya kamata mu ji kunya.

Akwai kuma dalili na biyu mai zurfi. Kakanninmu sun iso garin nan da fatauci tun zamanin Jamusawa, unguwar ma daga masana'antar bulo ta wancan zamani ta samo sunan da ya danne Ekoudou. Duk da haka har yau a bakin mutane da yawa na kudu, duk wanda ya sa doguwar riga da hula Bahaushe ne, ko Bafulatani ne ko Babarbare ko Bamun ko ɗan Mali. Kalma ɗaya ta ishe su, kuma a cikinta an riga an ɗinka mana hali: masu tsire, masu canjin kuɗi, masu rufaffiyar unguwa. Yaron da aka haifa a nan idan ya je Kano a ce masa ɗan Kamaru, a gyara masa Hausa. Idan ya shiga aji a Ngoa-Ekellé a ce masa Bahaushe, a tambaye shi yaushe ya zo. Wanda ya tashi tsakanin sunaye biyu da wasu suka raɗa masa, ba abin mamaki ba ne ya yi ɗokin sunan da yake ganin nasa ne shi kaɗai. Sai dai mu da muka san zafin a taƙaita al'umma guda a kalma ɗaya, bai dace mu taƙaita kanmu a haruffa huɗu da hannunmu ba.

Inda abin ya fara ba mu tsoro

Da a ce wasa ne na teburin shayi kawai, da ba mu ɗauki alƙalami ba. Amma mun fara ganin haruffan suna zama hujja. An yi rasuwa a wani gida, aka nemi wani saurayi a zaman makoki ba a gan shi ba. Da yayansa ya tambaye shi, sai ya ce shi "introverti" ne, taro yana gajiyar da shi. To wa taron makoki ke yi wa daɗi? Al'umma ƙarama a babban gari ba ta da abin dogaro bayan Allah sai junanta. Wanda ya zo gaisuwar mahaifinka, shi za ka je wa sunan ɗansa; wanda ya zauna da kai a asibiti, shi za ka tsaya wa ranar da gobara ta ci shagonsa. Idan kowa ya sami harafin da zai fake da shi, igiyar da ta ɗaure tsintsiyar za ta kwance a hankali ba tare da kowa ya ji ƙara ba. Mai son kaɗaici yana da haƙƙin ya zo ya yi gaisuwa ya zauna kaɗan ya tafi. Ba shi da hujjar ƙin zuwa.

Mun kuma ji wanda ya ce ba zai tura manya gidan wata yarinya ba, domin ya duba a intanet haruffansa da nata ba su dace ba. Wannan da abin da mai hisabi ke yi duk kanwar ja ce, harshen kawai aka sauya. Ga masu neman aiki kuma, yana da kyau a sani cewa kamfanin da ya mallaki Myers-Briggs da kansa ya ce bai kamata a yi amfani da gwajin wajen ɗaukar ma'aikata ba. Kada yarinyar da ke son karatun likita ta janye don waya ta ce ita mai tausayi ce ba mai lissafi ba.

Sai batun sirri. A 2018 aka fallasa cewa wani gwajin hali a Facebook, wanda mutane kimanin 270,000 suka yi, an yi amfani da shi wajen kwashe bayanan mutanen da suka kai miliyan 87, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica mai aikin yaƙin neman zaɓe. Ba muna cewa kowane shafi haka yake ba. Muna cewa mutumin da ba zai gaya wa maƙwabcinsa abin da ke hana shi barci ba, ya kamata ya yi tunani kafin ya zayyana shi ga shafin da bai san mai shi ba.

Hali zanen dutse ne?

Babban haɗarin haruffan shi ne jimlar da ke biyo bayansu: haka nake. A nan ma sai mu amsa cewa karin maganarmu ta riga gwajin yin wannan kuskure, domin mu ne muka ce hali zanen dutse, muka ce mai hali ba ya barin halinsa. Akwai gaskiya a ciki, don ɗabi'a tana da saiwa. Amma nazarin da Brent Roberts da abokansa suka wallafa a 2006, wanda ya tattara bincike masu yawa da suka bi mutane shekara da shekaru, ya nuna cewa hali yana sauyawa, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40, inda galibi mutane ke ƙara natsuwa da riƙon aiki. Kowannenmu ya san wani tsohon ɗan tasha da ya zama dattijon da ake kira sulhu.

Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wannan muhawara a cikin Ihya'u, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan malamanmu. Hujjarsa ita ce, da hali ba ya karɓar gyara, da wa'azi da tarbiyya duk aikin banza ne. Ya kuma kawo hanyoyi huɗu da mutum zai san aibin kansa: ya zauna gaban malami mai basira, ya riƙi aboki mai gaskiya da zai faɗa masa, ya saurari abin da maƙiyansa ke faɗa a kansa, sannan ya cuɗanya da mutane, duk abin da ya ƙi a wurinsu ya bincika ko yana tare da shi. Dukkan huɗun suna buƙatar wani mutum. Kuma babu wadda ke da daɗi kamar karanta sakamako a waya.

Abin da muke ba da shawara

Wanda ke son yin gwajin ya yi, amma ya ɗauki sakamakon a matsayin tambaya da zai tafi da ita wurin mutane. Ya fassara shi da Hausa, domin magana da yawa da ke da kwarjini da Faransanci takan zama fanko idan aka juyo ta harshen gida. Ya karanta wa mutum uku da suka san shi ta fuskoki daban: wanda ya haife shi ko ya goya shi, wanda suke sana'a ko karatu tare, da wanda suka taɓa yin faɗa. Inda ukun suka yarda da waya, akwai ƙamshin gaskiya. Inda suka yi dariya, a nan aikin yake. Sannan duk lokacin da ya ji kansa yana cewa "haka nake" don ya kauce wa wani nauyi, ya tsaya ya tambayi kansa ko bayani yake yi ko uzuri.

Iyaye da yayye kuma, mu sassauta laƙabin da muke liƙa wa yara. Yaro mai shiru a ba shi aikin da ya dace da shirunsa, a kuma koya masa gaisuwa da zumunci kamar yadda ake koya wa mai surutu kame baki. Kowa da inda zai yi ƙoƙari.

Mu dai mun gwada namu. A wani zama a teburin shayin nan muka ajiye wayoyi, muka ce kowa ya faɗa wa na kusa da shi hali ɗaya da yake yaba masa da ɗaya da yake cutuwa da shi. Gwajin waya ya ɗauke mu minti goma sha biyu. Wannan ya kai mu har mai shayi ya fara kife kofuna. Kwamandanmu ya ji cewa ba ya barin kowa ya ƙarasa magana. Mai Shiga Tsakani ya ji cewa yakan amsa wa kowa da "to" sannan ya ɓace. Ɗaya daga cikinmu ya ji abin da bai so ba, ya tashi bai yi sallama ba, kwana biyu ba mu gan shi ba. A dare na uku ya dawo, ya ja benci ya zauna, ya biya kuɗin shayin kowa, ya kuma mayar wa abokinsa bashin da ya shekara yana cewa ya manta.

Allah ya nuna mana aibinmu tun muna da ikon gyarawa, ya ba mu abokan da za su faɗa mana gaskiya da tausasawa. Mu kwana lafiya.